Daga Zauren Alƙali zuwa Ofishin Lauya: Tarihin Riƙon Dukiyar Mamaci a Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Idan mutum ya rasu a ƙasar Hausa akan gaggauta yi masa sutura, amma ba a gaggawar taɓa abin da ya bari. Akan yi zaman makoki, a yi sadakar uku da ta bakwai, a wasu gidajen har ta arba'in, kafin dattawa su ce lokaci ya yi da za a duba dukiya. Tsakanin ranar jana'iza da ranar da kowane magaji zai karɓi rabonsa akwai wani tsawon lokaci wanda a cikinsa dukiyar ba ta da mai tsaronta na ainihi, domin mai ita ya tafi, masu ita kuma ba su kai ga karɓa ba. A wannan tsakani ne ake riƙon amana ko a ci ta, kuma a cikinsa ne marayu da matan mamaci suka fi zama cikin haɗari.

Masu nazari sun fi karkata ga ilmin fara'ili, watau sanin wanda ya ci gado da gwargwadon abin da ya ci. Abin da ba a cika dubawa ba shi ne tarihin hannun da ke riƙe da dukiyar kafin a raba ta. Wannan maƙala za ta bi sawun wannan hannu tun daga zamanin sarakunan Haɓe har zuwa shigowar lauya cikin sha'anin gado. Za a ga cewa kason magada bai motsa ba cikin ɗaruruwan shekaru, amma mai riƙon dukiyar ya sauya sau da dama, kuma kusan kowane sauyi ya biyo bayan sauyin da aka samu ne a irin dukiyar da mutane ke mutuwa su bari.

Ƙa'idar da Malamai Suka Shimfiɗa

Tushen rabon gado a wurin Musulmi yana cikin Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176. Bayanin yadda za a aiwatar da shi kuwa, malaman ƙasar Hausa sun same shi ne daga littattafan mazhabar Malikiyya, musamman Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, da Muhtasar na Halil ɗan Ishaƙ, da kuma Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, wanda ya rasu a 1426. Wannan ta ƙarshe ita ce abokiyar zaman alƙalai, domin ta fi ba da ƙarfi ga tsarin shari'a da shaida da rantsuwa.

Bisa ga waɗannan littattafai, ba a fara rabo sai an fitar da haƙƙoƙi bi da bi. Da farko a cire kuɗin likkafani da sauran hidimar jana'iza ba tare da almubazzaranci ba. Sa'an nan a biya basussuka, har da ragowar sadakin mace idan mijin bai cika ba. Bayan haka a zartar da wasiyya, amma kada ta wuce sulusin abin da ya rage, kuma ba a yi wa magaji wasiyya sai da yardar sauran magada. Abin da ya saura shi ne na magada. Miji yana da rabi ko rubu'i, mata tana da rubu'i ko tumuni, uwa tana da sulusi ko sudusi, 'ya ɗaya tana da rabi, biyu ko fiye suna da sulusi biyu, ragowar kuma ta asaba ce. Wani lokaci kason ya kan zarce jimla, sai a yi abin da ake kira auli. Alal misali, idan mutum ya bar mata da 'ya'ya mata biyu da uwa da uba, asalin lissafin 24 ne, amma idan aka tara kason kowa sai ya kai 27, don haka tumunin matar ya koma ɗaya cikin tara, kowa kuma ya ɗan ragu daidai gwargwado.

Abin lura a nan shi ne, malaman ba su tsaya ga lissafi kaɗai ba, sun kewaye dukiyar da shinge tun kafin a zo rabo. Wanda ya ce yana bin mamaci bashi, ko ya kawo shaidu sai ya ƙara da rantsuwa cewa ba a biya shi ba, bai kuma yafe ba, saboda wanda zai musa masa yana cikin kabari. Kyautar da mutum ya yi amma ba a karɓe ta ba har ya rasu, ta koma cikin gado. Kyautar da aka yi a ciwon ajali hukuncinta na wasiyya ne. Wanda ya saki matarsa a ciwon ajali bai hana ta gado ba. Idan an bar mace da ciki, a mazhabar Malikiyya akan dakatar da rabon har ta haihu. Maraya kuwa ba a damƙa masa kasonsa sai ya yi hankalin riƙon dukiya, kafin nan wasiyyin da uban ya naɗa, ko wanda alƙali ya ɗora, shi ke riƙe masa. Duk waɗannan hukunce-hukunce sun nuna cewa tun asali an san inda ɓarna take shigowa.

Kafin Jihadi da Bayansa

Samuwar hukunci a littafi daban, aiki da shi daban. Ko da yake Musulunci ya kafu a fadar Kano tun kafin Shehu Magili ya sauka a birnin wajen 1493, a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, al'adar gado ta gargajiya ta daɗe tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da shari'a. A karkara dukiyar gida ita ce gona da rumbu da dabbobi, kuma tsarin gandu ya ginu ne a kan kada a yanka gona gunduwa-gunduwa. Idan maigida ya rasu, sai ƙanensa ko babban ɗansa ya hau matsayinsa, ya ci gaba da ciyar da gida, ya biya haraji, ya yi wa samari aure. A irin wannan tsari babu ranar rabo, saboda haka babu ranar da mace za ta ce ga kasonta.

A birane kuma hannun sarauta ne ya fi tsawo. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Kitabul Farƙ, ya lissafa ƙwace dukiyar wanda ya mutu a ƙasarsu cikin laifuffukan sarakunan zamaninsa, ya kuma nuna cewa suna laƙaba wa wannan ƙwace sunan gado alhali sun san zalunci ne. A wasu rubuce-rubucensa ya soki al'adar da babba a cikin magada ke haɗiye dukiya duka ya bar mata da ƙanana hannu wofi. Ke nan batun riƙon dukiyar mamaci yana cikin abubuwan da masu jihadin 1804 suka tashi gyarawa.

Bayan kafuwar Daular Sakkwato sai aka ɗora wannan nauyi a wuyan alƙali. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Liya'ul Hukkam a Kano domin shiryar da masu mulki da masu hukunci, aka kuma naɗa alƙalai a manyan birane. Yadda aikin ya zauna a aikace shi ne, idan an sanar da alƙali rasuwar mai dukiya, sai ya tura muhutinsa tare da shaidu su je gidan. A fito da riguna da rawuna da dawaki da kayan doki da buhunan wuri, a ƙirga shanu, a kira waɗanda suka san farashin kowane abu su yi masa ƙima. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, duk wanda ke riƙe da ajiyar mamaci ko yake bin sa bashi a ranar yake magana. Idan an yi gardama kan kayan ɗaki, abin da aka saba gani na mata ne sai a bar wa matar bayan ta rantse. Daga nan a kasa, a jefa ƙuri'a inda ya kamata.

Duk da haka, hannun hukuma bai fita daga tarikar mamaci ɗungurungum ba. Wanda ya mutu bai bar asaba ba, ragowar dukiyarsa ta baitulmali ce bisa ga asalin mazhaba. An kuma saba da cire ushira, watau ɗaya cikin goma, a matsayin ladan rabo. Gidan sarauta da gandun sarauta ba sa shiga gado, domin na kujera ne, ba na wanda ya zauna a kanta ba. Bayi kuwa a lokacin cikin dukiya ake lissafa su, sai dai ƙwarƙwarar da ta haihu da ubangijinta, wadda ke samun 'yanci da zarar ya rasu.

Zamanin En'e

Da Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato a 1903, Gwamna Lugga ya yi alkawarin barin alƙalai su ci gaba da aikinsu. Dokokin kotunan gargajiya na 1900 da 1906 sun tabbatar da haka, sai dai sun sa kotunan a ƙarƙashin idon Razdan da Di'o. Sauyin da ya fi shafar gado a wannan zamani na rubutu ne da lissafi. Aka tilasta wa kowace kotu ajiye littafin shari'a da rasit. Da aka kafa baitulmalin En'e, aka yanka wa alƙalai albashi, ushira ta daina zama ladan alƙali da muhutinsa, ta koma kuɗin shiga na hukuma. A 1934 aka buɗe Makarantar Shari'a ta Kano, wadda ta zama Makarantar Nazarin Larabci a 1947, aka ɗauko malamai daga Sudan domin horar da alƙalai da muhutai a kan tsari guda.

Sha'anin ƙasa kuwa ya bi wata hanya dabam. Dokar filaye ta 1910 ta ɗora dukkan ƙasar Arewa a hannun Gwamna a matsayin amana, abin da mutum ke da shi kawai shi ne haƙƙin zama da amfani. Rigingimun gona da gida a Kano sun fi zuwa majalisar Sarki, kamar yadda ake gani a littattafan shari'ar majalisar Sarki Abbas na 1913 da 1914, waɗanda Allan Christelow ya fassara ya buga a 1994. Tun da gona da gida suna ƙarƙashin ikon sarauta, Sarki na iya sa musu ƙa'idar da ba ta cikin littafin fara'ili. Haka kuwa aka yi. A 1923 Sarkin Kano Usman ya hana mata gadon gidaje da gonaki, bisa hujjar cewa macen da ta sami gidan kanta takan ƙi zaman aure. Wannan hani ya zauna shekara 31, sai a 1954 Sarki Muhammadu Sanusi ya ɗage shi, yana mai duba halin talaucin da tsofaffin mata suka shiga. A tsawon waɗannan shekaru babu malamin da ya ce kason 'ya mace ya sauya a littafi, amma mata da yawa sun tsufa sun mutu ba su taka gonar ubansu da sunan tasu ba ce. Babu misalin da ya fi wannan nuna cewa mai riƙon dukiya yana iya rinjayar mai lissafinta.

A duk wannan zamani lauya ba shi da wurin tsayawa a gaban alƙali, domin doka ta hana shi bayyana a kotunan gargajiya. Wannan bai sa an rasa mai magana a madadin wani ba. Fiƙihu ya san wakilci a husuma, kuma matan kulle da tsofaffi da waɗanda ke nesa sun saba tura wakili, galibi wa ko kawu ko wani malami na unguwa. Bambancin shi ne wakili ɗan gida ne, an san shi, an san asalinsa, kuma kunyar idon jama'a tana tsare shi.

Rikiɗar Dukiya da Wasiyyar Turawa

Tun daga isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 da bunƙasar cinikin gyaɗa, irin abin da Bahaushe ke tarawa ya fara sauyawa. Wuri ya ba da wuri ga sulalla da takardar kuɗi. Bauta ta fita daga lissafin gado, tun da dokar 1901 ta 'yanta duk wanda aka haifa daga watan Afrilu na shekarar, ta 1936 kuma ta kashe bautar baki ɗaya. A hankali sai ga ma'aikacin gwamnati mai albashi da fansho da garatuti, ga ɗan kasuwa mai ajiya a banki da hannun jari a kamfani, ga mai fuloti da takardar mallaka, wadda dokar filaye ta 1962 da ta 1978 suka ƙara wa nauyi. Wannan sabuwar dukiya ba a shimfiɗa ta a tabarma. Muhuti na iya ƙirga shanu da idonsa, amma ba ya iya shiga banki ya ce a buɗe masa littafi. Tana hannun wasu hukumomi waɗanda aka gina bisa dokar Ingila, kuma ba su san kowa ba sai wanda ya zo da takardar kotu.

Tsarin kotuna ma ya shiga sauye-sauye a jere. A 1956 aka kafa kotun ɗaukaka ƙara ta Musulmi, a 1960 aka maye gurbinta da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, wadda aka taƙaita ikonta ga aure da gado da wasiyya da kyauta da waƙafi da riƙon marayu. Shehu Abubakar Mahmud Gumi ya shugabance ta a matsayin Alƙalin Alƙalai daga 1962. Sa'an nan dokokin 1967, waɗanda suka fara aiki a watan Afrilu na 1968, suka rushe kotunan sarakuna, suka karɓe kotunan alƙalai daga hannun En'e suka mai da su kotunan yanki a ƙarƙashin Babban Jojin jiha. Daga ranar Sarki ya fita daga sha'anin rabon gado a hukumance, ko da yake har yanzu akan kai masa kuka domin sulhu.

A gefe guda kuma akwai Babbar Kotu, wadda ta gaji dokokin Ingila da ke aiki a ranar 1 ga Janairu 1900, ciki har da dokar wasiyya ta 1837. Wannan doka ta ba mutum 'yancin ya ba da dukiyarsa duka ga wanda ya ga dama. Karon da ake tsoro tsakaninta da shari'a ya auku a shari'ar Adesubokan da Yunusa. Wani Musulmi ya rubuta wasiyya irin ta Turawa, ya bar wa ɗaya daga cikin 'ya'yansa fam 10 kacal, ya fifita sauran. A 1968 Mai Shari'a Muhammadu Bello, mutumin Katsina wanda daga baya ya zama Babban Jojin Nijeriya daga 1987 zuwa 1995, ya yanke cewa Musulmi ba shi da ikon tauye magadansa ta hanyar wasiyya. A 1971 Kotun Ƙoli ta rushe wannan hukunci, ta ce dokar 1837 ce ke sama. Hukuncin ya tayar da hankalin malamai da masana shari'a na Arewa ƙwarai, kuma shi ne ya sa daga baya Jihar Kaduna da wasu jihohi suka yi nasu dokokin wasiyya, inda suka ware wanda ya rasu yana ƙarƙashin shari'ar Musulunci daga wannan 'yanci marar iyaka. Tsarin mulki na 1979, da na 1999 a sashe na 277, sun tabbatar wa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ikon duba wasiyya da gadon Musulmi.

Shigowar Lauya

Lauya baƙo ne a ƙasar Hausa idan aka gwada shi da alƙali. Sai a 1955 Arewa ta sami lauyanta na farko, Alhaji Abdulganiyu Abdulrazaƙ na Ilori, kuma a ƙasar waje ya yi karatun lauya. Makarantar horar da lauyoyi ta Nijeriya ta buɗe a Ikko a 1963. Jami'ar Ahmadu Bello ta fara koyar da shari'a tun kafuwarta a 1962, ta kafa Cibiyar Nazarin Shari'ar Musulunci a 1966, kuma daga shekarun 1970 ita da Jami'ar Bayero suka shiga yaye ɗalibai masu haɗa dokar ƙasa da fiƙihu a digiri ɗaya. Waɗannan ɗalibai su ne suka cike giɓin da ke tsakanin zauren alƙali da Babbar Kotu.

Ƙofar kotun alƙali ta buɗe musu ne bayan tsarin mulki na 1979. Kotuna suka fassara 'yancin samun shari'ar adalci da cewa ya haɗa da 'yancin ɗaukar lauya, har a 1985 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da cewa lauya na iya tsayawa a gaban Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. Lokacin da Jihar Zamfara ta faɗaɗa aiki da shari'a daga watan Janairu na 2000, wasu jihohi goma sha ɗaya suka bi sahu, aka mai da kotunan yanki da yawa kotunan shari'a, lauya ya riga ya zama ɗan gari a cikinsu.

An karɓe shi da zuciya biyu. A wurin dattawa, ɗaukar lauya a kan gado alama ce ta cewa zumunci ya lalace, domin ɗan'uwa ba ya ɗauko baƙo ya yi masa magana da ɗan'uwansa. Malamai kuma sun yi ƙorafin cewa wasu lauyoyi na shigo da dabarun ɗage shari'a da ɗaukaka ƙara cikin al'amarin da a da ake gamawa a zama biyu ko uku, har gida ya rushe ana jayayya a kansa. Amma a wurin bazawarar da dangin miji suka fi ƙarfinta, ko 'ya'yan da ke wani gari, lauya ya zama wakilin da ba ya jin nauyin kawu ko baffa.

Ƙofofi Biyu

Sakamakon wannan dogon tarihi shi ne, iyalan Musulmin da ya bar dukiya iri biyu sukan sami kansu a gaban ƙofofi biyu. Ta farko ita ce kotun shari'a ko kotun yanki, wadda ke tabbatar da mutuwa, ta tantance magada ta bakin shaidu, ta saurari masu bin bashi, ta sa a yi wa kadara ƙima, ta raba. Wannan aikin muhuti ne na da, bai sauya ƙwarai ba. Iyalai da yawa ma ba sa zuwa kotu, sukan kira malami ya raba musu a gida, a rubuta, kowa ya sa hannu.

Ƙofa ta biyu ita ce ofishin rajistar gado na Babbar Kotun jiha. Idan mamaci ya bar rubutacciyar wasiyya, a nan ake buɗe ta a gaban iyali, wasiyyin da aka ambata ya nemi kotu ta tabbatar da ita. Idan bai bari ba, sai magada su zaɓi waɗanda za su nemi takardar izinin kula da dukiyar mamaci. Akan gabatar da shaidar mutuwa, a cike takardun neman izini, a kai wa bankuna da sauran masu riƙe da kuɗin mamacin takarda su rubuta abin da ke hannunsu, a jera kadarori, a yi rantsuwa, a kawo masu tsayawa. Sa'an nan a buga sanarwa domin mai ƙorafi ya fito cikin wa'adin da aka ɗiba, a kuma biya hukuma wani kaso na darajar dukiyar, wanda ya bambanta daga jiha zuwa jiha. Mai lura zai gane cewa wannan kaso jikan ushira ne. Dokar fansho ta 2014 ta shar'anta ganin tabbatacciyar wasiyya ko wannan takardar izini kafin a saki kuɗin ma'aikacin da ya rasu, ko da yake a jihohin Arewa wasu hukumomi na karɓar umarnin babbar kotun yanki mai ɗauke da hatimi. Idan kuma akwai kadara a wata jiha, dokar 1966 ta tanadi a kai takardar can a sake buga mata hatimi.

Abu biyu ne suka fi rikita jama'a a nan. Na farko, wanda aka ba takardar izini bai zama mai dukiya ba, ɗan amana ne, aikinsa ya tattaro, ya biya bashi, ya miƙa ga rabo. Na biyu, wanda mamaci ya rubuta sunansa a fom ɗin banki ko na wurin aiki a matsayin makusancinsa bai zama magaji shi kaɗai ba saboda wannan rubutu. Rashin fahimtar waɗannan abubuwa biyu ya dawo da tsohuwar al'adar nan da Shehu ya soka, ta babba ya haɗiye duka, sai dai yanzu da takarda a hannunsa.

Daga nan ake gane siffofin lauyan da ya dace da aikin gado. Ya kasance na kusa, domin kowace jiha da ƙa'idojin kotunta da kuɗaɗenta, kuma aikin na yawan zirga-zirga ne tsakanin rajista da banki da ofishin filaye. Ya kasance sunansa na cikin kundin lauyoyi da ke Kotun Ƙoli, abin da ake iya tabbatarwa a reshen Ƙungiyar Lauyoyi na garin, da kuma hatimin ƙungiyar da aka wajabta liƙawa a takardun lauya tun 2015. Ya san fara'ili, ko kuwa ya san iyakar saninsa ya koma ga malamai. A yanke ladansa a rubuce tun farko, kada a bar shi ya zama kason da za a yanka daga gado. Kuɗin magada da ya shiga hannunsa doka ta ce a asusu dabam zai ajiye shi. Idan kuma magada sun rabu gida biyu, lauya ɗaya ba ya tsaya wa duka ɓangarorin.

Kammalawa

An ga yadda riƙon dukiyar mamaci ya tashi daga hannun babban gida da sarki ya koma hannun alƙali bayan 1804, ya shiga littafin En'e bayan 1903, ya koma ƙarƙashin gwamnatin jiha a 1968, sa'an nan ya rabu biyu tsakanin kotun shari'a da Babbar Kotu sa'ad da dukiya ta koma takarda. Lauya ya shigo ne ta wannan tsaga, kuma idan aka duba da kyau matsayinsa ba sabo ba ne, tsohon matsayin wakili ne wanda fiƙihu ya sani, illa dai wannan wakili ana biyansa, kuma doka ce ke tsare shi maimakon kunyar unguwa.

Abin da ya rage a gaban masana shi ne nazarin littattafan gado na kotunan alƙalai da ke ajiye a gidajen adana tarihi na Kaduna da Kano, domin a cikinsu ne za a ga abin da talaka ya mallaka, da wanda ya karɓa, da tsawon lokacin da aka ɗauka kafin a ba shi. Masu tsara doka kuma suna da aikin rage tazarar da ke tsakanin ƙofofin nan biyu, ta yadda hukuncin alƙali guda zai isa ya buɗe asusun banki da na fansho ba tare da an sake sabon zagaye ba. Matar mamaci tana fita takaba bayan wata huɗu da kwana goma, kuma marayun da ke ɗakinta ba sa daina cin abinci don ana jiran hatimi.